Taƙi Ɗaya Tsakanin Allo da Ƙasa

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan taru a wata rumfar shayi a unguwar Asian Town ta birnin Doha, mu 'yan arewa, masu gadi da direbobi da ɗalibai. Kwanakin baya wasu samari biyu sababbin zuwa suka tambaye ni aikina. Na ce ina kula da ɗora allon siminti a bangon gidaje ta waje. Ɗayansu ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wannan ai ba aiki ba ne. Ka jingina allo, ka murɗa sukuru, khalas, shi ke nan." Ban yi masa musu ba, don ni ba gwanin musu ba ne, kuma wataƙila daga nesa haka abin yake. Amma maganar ta zauna mini a rai, shi ya sa na rubuta wannan, ko zai yi wa wani amfani. Ban ce na san sana'ar duka ba. Abin da na gani zan faɗa, kuma mafi yawansa a hannun mutum ɗaya na gan shi.

Shi allon, ga wanda bai sani ba, siminti ne da yashi mai laushi da zaren itace, a cakuɗa a matse a fitar da shi falle-falle. Akwai mai santsi, akwai wanda aka yi wa zanen katako, har sai ka taɓa za ka gane ba katako ba ne. Gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi da sauƙi, kuma idan aka ɗora shi daidai yana jure ranar Doha fiye da yadda fenti a kan filasta yake jurewa. Na ce idan aka ɗora shi daidai. Nan aikin yake.

Na zo ƙasar nan da takardar digiri ta fannin gini, na sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke gyaran gidaje. Ranar farko aka haɗa ni da Baba Issaka, mutumin Zangon Kumasi, gajere, mai farin gemu, ya shekara da yawa a ƙasashen Larabawa yana aikin bango. A takarda ni ne shugabansa. Ya dube ni, ya dubi fayil ɗin da na rungume, ya ce, "Injiniya, ajiye littafin, kama wancan gefe." Muka ɗauki allo. Na kama shi a kwance kamar tire, ya daka mini tsawa: "A tsaye! Ka ɗauke shi a kwance, ya karye a tsakiya, sai ka rubuta masa wasiƙar ban haƙuri?" Wannan shi ne darasina na farko. Allon da zai yi shekaru a bango yana iya karyewa tsakanin mota da ƙofar gida.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Tef ɗin awo, igiyar alli ta buga layi, ma'aunin ruwa, injin huda, injin yanka mai haƙoran da aka yi don siminti, da wata wuƙa mai taurin baki da yake ɗaurewa a ƙugu. Sai ɗan burushi da gwangwanin fenti na share fage da ba ya rabuwa da su. Duk allon da aka yanka, kafin ya hau bango, sai Baba ya bi bakin yankan ya shafe shi. Fuskar allo daga masana'anta take zuwa a rufe, amma inda ka yanka ka buɗe masa baki, kuma ta nan yake shan ruwa. Yana kuma da wani tsohon kwabo a aljihu da yake sawa tsakanin allo da allo kafin ya murɗa sukuru, don a bar musu ɗan fili. Yakan ce allo ma yana miƙa jiki da rana, idan ka matse shi da ɗan'uwansa za su yi faɗa. Na duba takardar masu yin allon daga baya, na ga abin da suka rubuta da kaurin kwabon Baba kusan ɗaya ne.

Aikin farko da aka bar mini ni kaɗai, gaban wani shagon aski ne a Fereej Abdel Aziz. Baba yana wani gidan. Na zauna na zana komai. A garinmu na taso ina ganin abin da damina take yi wa bango, don haka duk tunanina ya tafi sama: na sa ƙarfen da zai rufe kan allo, na toshe saman tagogi, na lissafa inda ruwan sama zai gangaro. Ƙasa kuwa na saukar da allon har ya zauna a kan daɓe, ya yi kyau, babu ko tsaga. Mai shagon ya yaba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗauki hotonsa na aika gida.

Bayan wasu watanni mai shagon ya kira. Fentin ƙasan allon ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gishiri ya yi layi a jikinsa. Ruwan sama kuwa ko ɗigo ba a yi ba tun da muka gama. Na tsaya a gabansa ina ta lissafi, na ce wataƙila fentin ne, wataƙila allon ne ya zo da matsala. Baba ya zo ya duba, sai ya ce mu haɗu a wurin gobe da ƙarfe bakwai na safe. Muka tsaya a tsallaken titi. Mai shagon ya buɗe, ya jawo tiyo, ya wanke gaban shagonsa tas, ruwan ya kwanta a gindin bango. A saman shagon kuma bututun na'urar sanyaya ɗaki yana ɗiga a kusurwa, ɗis, ɗis.

"Ka gani?" in ji Baba. "Kai ka yi wa gidan hula, ka bar shi ba takalmi. A garinku ruwa daga sama yake zuwa. Nan daga ƙasa yake zuwa, kuma kullum damina ce."

Muka yanke ƙasan allon, muka ɗaga shi taƙi ɗaya daga daɓe, muka sa tayil a gurbin. Tun daga ranar na lura cewa Baba ba ya zaɓar wa gida allo sai ya san wa ke wanke tsakar gidan, sau nawa, kuma ina ruwan yake bi. Ban taɓa ganin wannan tambayar a littafi ba, ko da yake ba duk littattafan na karanta ba.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe unguwar masana'antu, rumbunmu yana ciki, allunanmu suna ciki, rabin ma'aikatanmu ma suna ciki. Muka yi makonni a ɗaki. Da aka fara sassautawa muka koma wani gida a Madinat Khalifa ta kudu da muka bari rabi, sai wata matsala ta taso da ban taɓa tunaninta ba. Ƙurar allon siminti mugun abu ce ga huhu. Idan za a yanka da inji sai an sa takunkumi na musamman mai tace ƙura, ba na ƙyalle ba. To irin wannan takunkumin a lokacin asibitoci suke nema, babu shi a kasuwa. Manajanmu ya aiko da na takarda irin na shiga kanti, ya ce yalla, maza a ci gaba.

Baba ya ɗauki injin yanka ya mayar da shi akwatinsa, ya zauna a kan akwatin. Ya ce babu wanda zai shaƙi siminti a ƙarƙashinsa a shekarar da numfashi ya zama abin nema. Ya zaro wuƙar ƙugunsa, ya ɗora ƙarfe a kan layi, ya ja wuƙar sau uku da ƙarfi, ya kai allon bakin tebur ya danna, ya karye a miƙe ba ƙura. Haka muka gama gidan, allo bayan allo, a hankali. Aikin kwana goma ya kai kusan wata. Hannuwanmu suka yi kanta. Manaja ya yi ta faɗa a waya, ni ne mai ɗaukar wayar, ina ta cewa muna ƙoƙari. Baba kuwa ko a jikinsa. Ban san ko da injin muka yi wani zai kamu da ciwo ba, ba zan iya cewa ba. Abin da na sani, babu wanda ya yi tari a wurin.

A shekarar kamfanin ya sallami mutane da yawa. Mu uku ne masu kula da aiki, ni kaɗai na rage, kuma aka mayar da kwantiragina gajere. Katin zamana a ƙasar nan a hannun kamfanin yake, su ne kafil ɗina, wato masu tsaya mini. Idan ba su sabunta ba, sai in nemi wani wurin cikin gaggawa ko in haɗa kayana. Ina faɗin wannan ne don a gane abin da ke kaina a aikin da zan ba da labarinsa yanzu.

Ana saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya muka sami aikin wani gida a Madinat Khalifa ta arewa. Gidan wata dattijuwa ce, kowa yana ce mata Ummu Nasir, mu muna ce mata Hajiya. Tana so a lulluɓe majalisin gidan ta waje, wato ɗakin baƙin da suke ginawa a bakin ƙofa kamar zaure a wurinmu, don danginta za su zo daga wasu ƙasashe kallon ƙwallo. Manaja ya kira ni ofis ya ce, "Kwantiraginka yana ƙarewa ƙarshen shekara. Wannan gidan manya ne. A gama kafin baƙi su sauka, kuma kada in ji ƙorafi ko ɗaya. Abin da mai gida take so, shi za ka yi. Ka gane?" Na ce na gane.

Zaɓen allon ya fara da ɗanta Nasir, wanda ya ga wani hoto a waya na gida mai launin katako baƙi-baƙi, ya ce shi yake so. Bangon kuwa yamma yake kallo. Na fara yi masa bayani cewa mai yiwuwa launi mai duhu ya fi ɗaukar zafi, kuma akwai yiwuwar ya koɗe da wuri, ko da yake ya danganta. Na ga idonsa ya koma kan wayarsa. Baba ya miƙe. Ya ɗauko guntaye biyu, mai duhu da mai launin yashi, ya jingina su a bangon ya tafi sallar azahar. Da la'asar ya kira Nasir ya nuna masa da hannu ya ɗora tafinsa a kan kowanne. Nasir ya ɗora a kan mai duhun ya janye da sauri yana yarfe hannu. Ya yi dariya ya ce a sa mai launin yashin, amma mai zanen katako. Sauran zaɓin ni na yi, kuma ina ganin na yi daidai: allo mai kauri saboda motoci suna fakawa kusa, sukuru wanda ba ya tsatsa saboda iskar garin nan da gishiri take tafe, da ƙarafan da za su bar fili a bayan allo iska ta riƙa wucewa.

Direban Hajiya ɗan'uwanmu ne, Malam Sabi'u mutumin Funtuwa, ya daɗe a gidan har Larabcinsa ya zauna. Shi Baba ya ja gefe ya yi wa tambayarsa ta kullum.

"Wanke tsakar gida?" in ji Malam Sabi'u. "Baba, safe da yamma. Hajiya in ta ga ƙura a daɓen nan ba ta iya cin abinci. Ga kuma famfon can a jikin majalisi, nan baƙi suke alwala. Ranar Juma'a sai ka ce bakin rafi."

Na gyara zanena na ɗaga allon taƙi ɗaya daga ƙasa. Muka buga layi, muka kafa ƙarafa, muka ɗora jeri na farko. Hajiya ta fito da sandarta ta tsaya tana kallo. Ta nuna gindin bangon ta yi magana mai tsawo. Malam Sabi'u ya juyo ya ce, "Ta ce wannan kamar mutum ne ya sa wandon ƙaninsa. Ta ce a sauke shi har ƙasa. Kuma ta ce ƙadangaru za su shiga." Kafin in gama haɗa amsa ta koma ciki. Da yamma manaja ya kira: Nasir ya yi masa waya, a sauke allon, kada in ɓata masa lokaci.

Na sami Baba yana wanke burushinsa. Na ce, "Baba, ko mu sauke? Idan muka shafe bakin sosai, wataƙila ya ɗan daɗe."

"Zai daɗe har a gama ƙwallo," in ji shi. "Har katinka ya fito ma. In shi kake nema, sauke."

"To ka yi mata magana mana, kai ta fi ganin girmanka."

"Ni lebura ne a takarda, Injiniya. Kai ke da fayil. Ni dai zan ajiye maka shaida."

Ya ɗauki guntayen allo biyu. Ɗaya ya tsayar da shi a kan daɓe a jikin famfon alwala, ɗayan ya ɗora shi a kan bulo kusa da shi. Ya roƙi Malam Sabi'u kada kowa ya taɓa. Muka koma yin ɗaya gefen ginin. Kwana uku ina amsa wayar manaja da cewa muna kan hanya. Ban yi masa ƙarya kai tsaye ba, amma ba zan ce na gaya masa gaskiya ba.

Rana ta huɗu da safe, bayan an wanke tsakar gida, na roƙi Malam Sabi'u ya kira mini Hajiya. Ta zo, Nasir yana bayanta. Na gaishe ta, na fara: ina ganin, Hajiya, bisa abin da muka lura, akwai yiwuwar idan allon ya taɓa ƙasa, wataƙila nan gaba...

Malam Sabi'u ya tsayar da ni da hannu. "Malam, tsaya. Shekara tara ina tuƙa matar nan. In na kai mata wataƙila, ta gama da kai. Zai lalace ko ba zai lalace ba?"

Na dubi Baba. Yana can yana auna wani allo da ya riga ya auna.

Na ce, "Zai lalace."

"In faɗa mata haka?"

"Faɗa mata. Ka ce kuma ba zan sauke shi ba. In tana so a sauke, sai kamfani ya turo wani."

Ban san daga ina wannan ta biyun ta fito ba. Malam Sabi'u ya ɗaga gira, ya juya ya faɗa mata. Nasir ya fara zaro waya. Na ɗauko guntayen biyu na ajiye a gabanta. Wanda ya hau bulo yana nan yadda yake. Wanda ya zauna a ƙasa, danshi ya hau jikinsa kamar yatsu uku, ya yi duhu, ga farin layin gishiri ya fara fitowa a bakinsa. Hajiya ta sa ƙarshen sandarta ta kankari wurin. Ta ce wa ɗanta ya mayar da wayar aljihu. Ta tambaya, kwana nawa? Aka ce uku. Ta kalli famfon, ta kalli bangon.

Sai ta yi wata magana da har Baba ya ajiye tef ɗinsa ya matso. Malam Sabi'u ya fassara yana murmushi: "Ta ce in dai allon nan yana tsoron ruwa, me ya kawo shi wajen alwala tun farko? Ta ce wannan bangon na famfo a sa masa dutse har ƙugu, allo ya fara daga nan. Sauran gefunan a bar taƙinku, amma a rufe ƙasan da dutsen shi ma, a sa raga ta baya saboda ƙadangaru. Ta ce ba ta son ganin ƙafar gida a waje."

Baba ya ce, "Wallahi Hajiya ta fi mu." Kuma gaskiya ya faɗa. Mu biyu, da shekarunsa da digirina, muna ta tunanin yadda za mu kare allon a wurin, ba mu tambayi kanmu ko wurin na allo ne ba. Tun daga lokacin, idan mai gida ya ce in zaɓar masa allo, nakan fara da zagaya gidan in nuna masa inda bai kamata a sa shi ba.

Samun dutse a waɗannan makonnin ba ƙaramin aiki ba ne, kowa a garin yana gyaran gida, tituna da yawa an rufe wa manyan motoci. Malam Sabi'u ne ya san wani mai yankan dutse, ya kai ni da motar Hajiya. Muka yi asarar kwana tara. Baba ya bi kowane yanka da burushinsa kamar ba gaggawa ake ba, ni kuwa ina duba kalanda sau goma a rana. Muka kwashe kayan aikinmu ana jibi baƙin farko za su sauka. Hajiya ta zagaya ginin da sandarta, ta ƙwanƙwasa nan ta ƙwanƙwasa can, ta sa aka kawo mana gahawa da dabino. Ba ta ce ya yi kyau ba. Malam Sabi'u ya ce gahawar ita ce maganar.

Manaja bai yi mini magana ba duk tsawon gasar. Gari ya cika da tutoci da kiɗe-kiɗe, aiki ya tsaya, ni ina ɗaki ina gyara takardun neman aiki. Na san Nasir ya kai masa labarin abin da na ce a tsakar gida, abin da ban sani ba shi ne yadda ya kai shi. Baba yana cewa in fito mu je kallon wasan Ghana a filin da aka kafa manyan talabijin, na je sau ɗaya, ban iya tuna ko wa ya ci ba.

Bayan an gama gasa da kwana biyu aka kira ni ofis. Manaja yana rubutu, bai ɗago ba. Ya turo mini takarda da ɗan yatsa. Na karanta sau biyu: sabunta kwantiragi, shekara ɗaya.

"Sa hannu," in ji shi. "Hajiya ta ce bangonta bai sha ruwa ba. Ni ban san me hakan yake nufi ba, kuma ba na son sani. Amma ka saurare ni da kyau. Nan gaba in mai gida ya ce a sauke allo, ka sauke. Ka ji?"

Na sa hannu, na jira tawadar ta bushe, na mayar masa da biro.

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Sai dai zan fara tambayar wa ke wanke tsakar gidan."